Godiya ga malaman makarantarmu ta Gadarif bayan rufe shekarar karatu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin majalisar iyayen yara ta makarantar firamaren unguwarmu a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, ina miƙa godiya ga mudir, wato shugaban makaranta, da ustazai maza da mata, da duk ma'aikatan makaranta, bisa kammala wannan shekarar karatu lafiya. An raba sakamako, yara sun koma gida da takardunsu. Yabon gwani ya zama dole, shi ya sa na ga bai kamata mu yi shiru ba.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023 aka rufe makarantu, yaranmu suka zauna a gida fiye da shekara. Da birnin Madani ya faɗa hannun mayaƙan RSF a watan Disamba na shekarar, jama'a suka kwararo garin nan, sai kuma na Sinja da Dindir suka biyo baya a tsakiyar 2024, cikinsu har da danginmu na wajen Mai Wurno. Azuzuwan da ake karatu suka koma ɗakunan kwana, aka ɗaura igiyar shanya daga taga zuwa taga. Ba wanda ya ga laifinsu, baƙinmu ne kuma 'yan uwanmu ne. Amma da aka ce a buɗe makaranta, abin da malamai suka tarar ke nan: benci ya kakkarye, littafi guda sai yara da dama su haɗa kai a kansa, alli kuwa sau da yawa daga aljihun malami yake fitowa. Yaro ya zo da buhu ko guntuwar tabarma ya shimfiɗa, wasu a ƙarƙashin rumfa.

Ga kuma albashi da ya yi watanni bai zo ba, in ya zo ma tsadar kasuwa ta riga ta cinye shi. Na san ustazun da in an tashi yake wucewa kasuwa ya tsaya a shagon wani har magariba don ya samu na cefane, washegari kuma ya riga yara isowa.

Ni a ganina babban abin da aka cim ma a bana shi ne dawo da karatu bakin yaran da ya kuɓuce musu. Yaron da ya bar aji uku yana karanta shafi guda ya dawo yana tuntuɓe a kan baƙaƙe. Ustazar da ke riƙe da ƙananan azuzuwa ba ta tsaya bin shekaru ba, ta zauna da kowane yaro ta ji inda ya tsaya, sannan ta kasa su rukuni-rukuni. Waɗanda ba su yanke zuwa makarantar allo ba ta lura hannunsu bai manta rubutu ba, sai ta sa su suna jan na baya. 'Yan aji ɗaya kuwa, da yawansu Hausa kawai suke ji daga gida, Larabcin littafi yana yi musu nauyi. Takan faɗi abu da Hausa tukuna, ta maimaita da Larabci, ta sa su faɗa tare har ya zauna. Wata rana na leƙa na same ta durƙushe tana zana harafin jim da tsinke a ƙasa, yara sun kewaye ta kowa yana kwaikwayo da yatsa. Ustaza, Allah ya saka miki da alheri, ya jiƙan mahaifa.

Mudir kuma ya sha yawo. Lokacin yankan riɗi, manyan yara maza suka riƙa ɓacewa zuwa gonaki saboda kuɗin ƙwadago, kuma gaskiya gidaje da yawa suna bukatar kuɗin. Bai yi wa kowa faɗa a gaban jama'a ba. Gida-gida ya bi bayan la'asar, ya zauna da iyaye, ya yarda yaro ya rama abin da ya wuce shi da yamma in dai zai dawo. Haka ya yi a kan 'yan matan da aka fara maganar aurensu lokacin da makaranta ke rufe. Wasu sun dawo aji, wasu ba su dawo ba, kuma wannan nauyin a wuyanmu iyaye yake.

Akwai waɗanda ba a cika ambata ba. Baba mai gadi, wanda tun da kwalara ta shigo gari ya ɗauki wanke randunan ruwa da zuba maganin kulorin tamkar farilla, ba yaron da zai wuce ƙofa bai wanke hannu ba. Inna mai sayar da ful (dafaffen wake) da ɗa'amiyya (irin ƙosai) lokacin fatur, wato karin kumallo, wadda ta ciyar da yaran 'yan gudun hijira bashi, wani bashin ma ta san ba za a biya ba. Mun gani, Allah ma ya gani. Haka ustazan da suka riƙa yi wa manyan yaran unguwa bita kyauta da dare, waɗanda jarrabawarsu ta kammala sakandare, wato Shahadar Sudan ta 2023, ba a samu zama ba sai ƙarshen Disambar 2024.

Iyayen da suka ba da gudummawa, da 'yan uwanmu na Saudiyya da suka turo kuɗi ta manhajar banki ta Bankak aka sayi alli da littattafan rubutu, mun gode. Masu ƙorafi a bakin shago ba su taɓa taka makaranta ba kuwa, ƙofa a buɗe take.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa. Sai kuma sanarwa: ranar Asabar bayan sallar asuba akwai gayyar gyaran rufin azuzuwa biyu na gabas kafin ruwa ya sauka, don kun san lakar Gadarif in damina ta kama. Mai guduma ya zo da ita, mai tsani ma haka, shayi yana wuyan majalisa.

Shugaban majalisar iyayen yara