Abin da riƙon kangararren yaro ya koya mini

Ni da mai ɗakina mun karɓi riƙon wani yaro ɗan shekara 15 ta hannun jami'an walwalar yara, bayan kotu ta ce ba zai koma gidansu ba tukuna. Takardar da aka ba mu a kansa cike take da laifuffuka: gudun makaranta, ɗauke-ɗauke, faɗa, kwana a waje. Dalilin kuwa layi biyu kacal ya samu can ƙasa. Uba mashayi ne mai saurin hannu, uwa ta fita, yaro ya yi ta yawo a hannun dangi.

A ganina layi biyun nan ya kamata a sa a sama. Likitoci Vincent Felitti da Robert Anda sun yi bincike a Amurka kan mutum sama da 17,000, sakamakon ya fara fitowa a 1998. Sun gano cewa gwargwadon wahalar da mutum ya sha a yarinta, irin su duka, cin zarafi, shaye-shaye a gida ko ɗaurin wani daga cikin iyali, gwargwadon haɗarin ya faɗa shaye-shaye da ciwon damuwa idan ya girma. Ga kuma ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum burki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. To yaron da ya tashi cikin fargaba, burkinsa kuma bai gama haɗuwa ba, me ake tsammani?

Gudun makarantar ma da dalilinsa. Wata rana na miƙa masa wata takarda ya karanta mini, sai ya ce idonsa na ciwo. Ashe karatu ne ba ya iya haɗawa sosai. Ya gwammace a kira shi tantiri da a yi masa dariya a aji. Da aka samar masa mai koya masa shi kaɗai, rabin rigimar makaranta ta mutu.

Abin da ya fi ba mu wuya ya zo ne bayan mun fara sabawa. Kayansa ba su taɓa barin jaka ba, a ciki ma yake ɓoye ragowar abinci, ga shi ba a taɓa hana shi ƙari ba. Daidai lokacin da muka ce an samu lafiya, sai ya zare mini kuɗi daga aljihu, ya bar walat ɗin a buɗe inda dole in gani. Da na tare shi bai musa ba. Cewa ya yi, "Baba, yaushe za ku mayar da ni?" Gwaji ne. Ya saba a kore shi, yana so ya san iyakar haƙurinmu tun da wuri. Na ce zai biya kuɗin da aikin gida, kuma babu inda za shi. Dukansa dai ba mu taɓa gwadawa ba, don wanda ya tashi da shan duka ba ya jin sa. Dokoki kaɗan muka kafa, ba ma kuma canza su.

Shi ya sa nake adawa da yawan sauya wa irin waɗannan yara gida da zarar sun yi laifi. Kowane sauyi yana tabbatar musu da abin da suke tsoro. Raba yaro da iyayensa ma ba abin gaggawa ba ne. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan riƙon yaran da ba sa hannun iyayensu sun ce talauci kaɗai ba hujja ba ce ta yin hakan. Shi namu ba talauci ya fito da shi ba, duka ne, amma duk da haka jami'ar walwalar yara ta nace ya riƙa ganin mahaifiyarsa. Yakan dawo a birkice, ya kwana biyu ba ya shiga sabgar kowa. Mun bar ziyarar yadda take, sai dai muka roƙi a mayar da ita ƙarshen mako don kada ta shafi makaranta.