Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Tsintsiya da mai ɗaurinta

Makon jiya na tsaya inda na bar shagon kawu na kama fenti gadan-gadan. To 1991 ke nan, ba a jima da buɗe jam'iyyu a Kamaru ba, duk Garwa maganar zaɓe ake, mu ma matasa masu zane mu tara muka haɗa ƙungiya, muka ce mun gaji da zanen raƙumi da bukka don 'yan yawon buɗe ido, sabon abu za mu yi wanda zai rikita kan mutane. Dokarmu babu shugaba, kowa ƙuri'a ɗaya, kotizasiyo, wato kuɗin ƙungiya, sefa 500 duk wata.

Da na faɗa wa Baba sai ya ce "tsintsiya maɗaurinki ɗaya, amma ka duba wa ya ɗaura." Na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai.

Akwai ɗayanmu da ya yi karatu a Yawunde, ba zan kama suna ba don yana raye kuma mun haɗa surukuta, shi kullum André Breton a bakinsa, mutumin da ya fitar da sanarwar Suriyalis, wata tafiya ta marubuta da masu zane da ke ɗauko aikinsu daga mafarki, a Faris a 1924. Abin da bai taɓa faɗa mana ba, sai da na fara shiga intanet na gani, shi ne Breton ɗin nan har Paparoma ake ce masa don yawan korar mutane, a 1934 ma zaman tuhuma suka yi wa mai zane Salvador Dalí a gidan Breton ɗin. Ashe mutumin namu ya karanta littafin har ƙarshe, mu bango kawai ya nuna mana.

Reniyo, wato taronmu, a ɗakinsa ake yi, shayi nasa, littafin suna a hannunsa, sabon shiga sai mutum biyu sun tsaya masa kuma ko yaushe mutanensa ne. Wa ya ɗaura tsintsiya?

Laifina fa? Na zana allon wani mai aski na karɓi jaka uku, lokacin Hajjo na da cikin fari. Aka ce na sayar da fasaha. Aka ɗaga hannu, shida da biyu, ni an hana ni ƙuri'a wai shari'ata ake. Cikin shidan har da wanda na koya wa riƙe burushi, wannan ne har yau yake min ciwo wallahi.

Baba bai ce uffan ba daren nan, tuwo kawai ya turo min. Allon mai askin kuwa ya fi shekara goma a rataye.