Daga digirin lissafi zuwa ajin kurame

'Yar kawuna ta gama bautar ƙasa kwanan nan, sai ga saƙonta da daddare: "Anti, ya ake zama malamar kurame? Sai na koma jami'a daga aji ɗaya?" Na fara buga mata amsa a waya, na ga abin ya ƙi ƙarewa, na ce bari in zauna in rubuta shi a nutse.

A'a, ba sai kin koma aji ɗaya ba. Ni ma lissafi na karanta, ban taɓa shiga tsangayar ilimi ba sai bayan bautar ƙasa. Abin da ya ja ni wannan hanya kin san shi: Yaya. Sanƙarau ɗin da ya ratsa Arewa a 1996 ya kwantar da shi yana ɗan shekara shida, Allah ya tashe shi, amma jinsa bai dawo ba. Na tashi na tarar ana magana da hannu a gidanmu, da shi muke faɗa, da shi muke shiryawa. Shi ya sa na ɗauka rabin aikin na riga na gama shi tun ina yarinya.

Bari in fara da takarda, tunda ita kika tambaya. A Najeriya mafi ƙarancin shaidar da ake koyarwa da ita ita ce NCE. Wanda ya yi digiri a wani fanni da ba na ilimi ba, kamar ni da ke, babbar diflomar ilimi yake yi, wadda kowa ke ce wa PGDE. Jami'o'i da yawa suna yi, haka ma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna, wadda ke da wuraren karatu a jihohi. Kusan shekara guda ce. Za ki karanta tarihin ilimi, da halayyar yara, da tsara manhaja, da yadda ake auna ɗalibi, ki rubuta ɗan bincike, sannan ki fita koyarwar gwaji. A inda na yi tawa, kwas ɗaya tak ya taɓo yara masu buƙata ta musamman, shi ma yawanci haddar rabe-rabe ne: kurame, makafi, masu jinkirin fahimta, masu baiwa. Na ci shi da maki mai kyau ban ɗaga hannuna ko sau ɗaya ba.

Da lokacin koyarwar gwaji ya zo, na roƙa a tura ni makarantar kurame, aka tura ni. Ranar farko na shiga aji da ƙarfin gwiwa, na gaishe su yadda nake gaida Yaya, na gaya musu ni ce sabuwar malamar lissafi. Suka kalli juna. Wata yarinya a gaba ta maimaita abin da na yi, har da yadda na karkatar da kai, ajin ya kwashe da dariya. Sun fahimce ni sarai, abin da ya ba su dariya shi ne jin maganar gida a bakin allo. Malamar ajin, wadda ita ma kurma ce, ta jawo takarda ta rubuta mini cewa wannan ta unguwa ce, a nan da ta makaranta ake karatu.

Ashe harsuna biyu ne, kuma babu wanda ya taɓa gaya mini. Wadda na tashi da ita ita ce maganar hannu ta Hausawa, wadda kuramen Kano suka gada tun kaka da kakanni a kasuwa da majalisa, ba wani malami da ya zauna ya tsara ta. Ta makaranta kuwa asalinta Amurka ne. Wani baƙar fatar Amurka mai suna Andrew Foster, shi ma kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Accra a 1957, ya zo Ibadan ya buɗe wata a 1960, ya horar da malamai, su kuma suka bazu da harshen hannun da ya zo da shi. Har yau a kansa makarantunmu suke, da haruffan yatsu na Turanci, babu ɓ babu ɗ babu ƙ. Ki duba nauyin da ke kan yaron nan: a gida ana Hausa da baki ba ya ji, mahaifiyarsa na yi masa maganar hannu, a makaranta a koya masa wata dabam, a jarrabawa kuma a ce ya rubuta Turancin da bai taɓa jin sautinsa ba. In ya faɗi a ce ba shi da ƙoƙari.

Na haɗu da malamai masu raina maganar hannu ta gida, suna cewa nune-nune ce kawai. Ban yarda da su ba. Da ita Yaya yake ba da labarin rikicin da aka yi shekara goma da ta wuce, ya nuna wanda ya fara da wanda ya yi ƙarya, har da habaici. Duk ranar da darasi ya cije mini a aji, ita nake komawa in kwance shi, sannan in ba su alamar makaranta.

Sauran kurakuraina na jiki ne, kuma babu littafin da ya hana ni su. Na saba in juya ina rubutu a allo ina bayani. A ajin kurame kina juya baya kin yi shiru ke nan. Dole ki rubuta, ki ajiye alli, ki juyo, ki jira idanu su dawo kanki. Kada ki tsaya taga na bayanki, fuskarki za ta yi duhu, alhali rabin maganar a gira da baki take. Kujeru a jera su kamar kofaton doki don kowa ya ga hannun kowa. Littattafai sun ce a kashe fitila a kunna don jawo hankalin aji. To, mu da wuta ba ta cika zuwa ba, tebur nake bugawa su ji girgizar a hannunsu. Darasin rabi da kwata da na tsara wa minti arba'in ya ci mini mako guda da lemo shida.

Bayan PGDE sai lasisi. Hukumar Rajistar Malamai ta Najeriya, TRCN, doka mai lamba 31 ta 1993 ce ta kafa ta, kuma ita ke da ikon cewa wane malami ne a hukumance. Ana zana jarrabawarta a kwamfuta, tambayoyin zaɓi ne. Ta kasa malamai gida huɗu: A masu digirin digirgir, B masu digiri na biyu, C masu digirin farko, D masu NCE. Ni a C na shiga. In kin ci za a ba ki takardar rajista da kuma lasisi, wanda lokacin da na karɓi nawa shekara uku yake yi a sabunta. Ki koyi riƙe linzamin kwamfuta kafin ranar. Na ga wata baiwar Allah da ta shekara ashirin tana koyarwa hannunta na rawa a kansa.

Lasisin nan na malanta ne baki ɗaya. Irin nawa ne a hannun malamin da ke koyar da masu ji a makarantar da ke bayanmu. Ba na raina shi, don ana tambayarsa wajen ɗaukar aiki, kuma ya dace a ce sana'ar nan tana da ƙofa kamar ta likita da lauya. Sai dai ki sani tambayar zaɓi ba ta iya gane ko yaro zai fahimci hannunki.

Ƙwarewar fannin a digiri na biyu na same ta. Akwai sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero ta Kano, akwai a Jami'ar Jos, akwai a Ibadan. Ga kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wadda aka buɗe a 1977, inda da yawa daga cikin abokan aikina suka yi NCE, kuma hannunsu ya fi nawa sauri nesa ba kusa ba. Kafin ki sayi fom ki je sashen da ƙafarki ki tambayi sharuɗɗansu ga mai PGDE, don kowane da nasa.

A can aka koya mana karanta takardar awon ji. Layuka ne da ɗigo-ɗigo, gefe guda ƙarfin sauti da ake aunawa da desibel, ɗaya gefen kaurinsa ko sirantakarsa. Wanda sai sauti ya haura desibel 90 yake jin sa, kurumtarsa ta kai maƙura. Ranar da aka yi mana darasin na dawo gida na ce wa Umma ko takardar asibitin Yaya na nan. Ta ciro ta daga ƙasan akwati, ta yi ja don tsufa. Kunnuwan biyu duk sun wuce 90. Sai na tuna na'urar kunnen da Baba ya sayo da kuɗin da ba shi da su, wadda Yaya yake cirewa ya ɓoye, ana yi masa faɗa ana cewa taurin kai ne. Ƙara kawai take zuba masa, ba magana ba. Na yi wa Umma bayani, ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Da ma wani ya gaya mana tun a lokacin." Tun daga ranar, duk iyayen da suka kawo yaro da irin wannan takarda, sai na zaunar da su na karanta musu ita da Hausa.

Batun aiki kuwa, dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce makarantun gwamnati su karɓi kowane yaro, a kuma samu ma'aikacin da aka horar don kula da karatunsu. Ki ƙirga firamaren da ke ƙaramar hukumarmu kaɗai, ki ƙirga mu da muka karanta fannin. Albashin dai na malami ne, kin san shi, kada ki ce ban gaya miki ba.

Fom ɗin PGDE ba zai fito ba sai nan gaba, don haka kina da lokaci. Ranar Juma'a bayan la'asar abokan Yaya suna taruwa a shagon ɗinkinsa, wasu sun yi makaranta wasu ba su yi ba, za ki ga harsunan biyu suna cakuɗa a wuri ɗaya. Na riga na gaya masa za ki zo. Ya ce ki bar wayarki a jaka, kuma in kika yi kuskure za su yi miki dariya.