Pinot Noir na 2021 da kowa ya raina

Har yanzu abun na min ciwo, yadda masu rubuta sharhin giyar inabi suka yi wa shekarar 2021 ta yankin Burgundi a Faransa tambarin "lalatacciya", mu kuma masu ɗan ƙaramin aljihu muka yarda. Ni Kirista ne dai, wanda addininsa ya hana shi kusantar abun nan sai ya wuce kawai, ba gardama. Tun ina karatu a birnin Dijon na yankin nake zuwa aikin tsinkar inabi lokacin kaka a wani ƙaramin gidan manoma kusa da garin Beaune, kuma a ɗakinsu na ƙarƙashin ƙasa mai gidan ya jera mana kwalaben Pinot Noir, wato jar giyar da ake yi da irin inabin mai wannan suna, na 2020, 2021 da 2022 daga gonakinsa uku, ya rufe sunayen da takarda, ya ce kowa ya ɗanɗana ya tofar ya faɗi gaskiyarsa.

Gonakin ba su da nisa da juna fa. Ɗaya a gindin tudu wajen babban titi inda laka ta yi nauyi tana riƙe ruwa, ɗaya a tsakiyar gangare mai tsakuwa da farin dutse, ita ce mai matsayin Premier Cru, wato gona ta sahun manya mai tsada, ta ukun kuma can sama a Hautes-Côtes inda sanyi ya fi yawa, kullum ita ake tsinka a ƙarshe. Irin inabi ɗaya, hannu ɗaya, ganga irin tasu mai lita 228. A yankin akwai irin waɗannan filaye masu suna 1,247, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihi na duniya a 2015, to ni da ina ɗauka duk talla ce ta ƙara kuɗi.

2020 zafi aka yi da fari, tun watan Agusta aka fara tsinka. Ita ake ta yabo. Amma a baki, ta gindin tudun nan ta yi duhu ta yi nauyi, ga bauri, ƙarfin giyarta kashi 14 cikin ɗari a jikin kwalba, ɗan tsamin nan da ke sa Pinot ya yi daɗi duk ya ɓuya. Wadda ta tsira a shekarar ita ce ta can sama mai araha, sanyin wajen ya hana inabin nuna fiye da kima. Duk manomin da ya san bambancin jigawa da fadama ya gane zancen, gonar da ta cece ka shekarar fari ba ita za ta cece ka shekarar ruwa ba.

Sai 2021. Ƙarshen Maris aka yi ɗumi kurangar ta yi saurin toho, farkon Afrilu kuma sanyi mai daskarar da raɓa ya sauko dare bayan dare ya ƙone tohon, manoma na ta kunna manyan kyandirori a tsakanin layuka har asuba. Bayan nan ruwa ya ƙi tsayawa, fumfuna ta kama, shi kuwa Pinot fatarsa siririya ce kuma ƴaƴan a matse suke, ruɓewa ba ya masa wuya. Sai wajen ƙarshen Satumba muka tsinka, rabin aikin ma tsince ruɓaɓɓu ne ana zubarwa. Da na ga haka na cire rai. Amma kofin da duk muka nuna a daren nan, da aka cire takarda, na tsakiyar gangare ne na 2021! Launinsa ja mai haske har kana hango yatsanka ta ciki, ƙamshi kamar ba zai ƙare ba, kashi 12.5 kacal. Tsakuwar wajen ta tsiyaye ruwan, shikenan. Ta gindin tudu a shekarar kam salam take, ba zan yi ƙarya ba, a nan masu sharhin sun yi gaskiya, amma ai gona ɗaya ce ba duka yankin ba.

Na ce a sayar min ko kwalba biyu, mai gidan ya yi dariya ya ce amfanin shekarar kaɗan ne, tuni ya ƙare, wannan ma daga ajiyarsa ya ɗauko. Lokacin da take nan ana sayarwa kuwa ina can ina karanta wai a tsallake 2021 a jira 2022. Ita 2022 ba laifi, an samu yawa, duka gonakin sun yi kyau, ba abun faɗa.

In za ka gwada, kar ka buɗe yau ɗaya gobe ɗaya, ba abun da za ka gane. A buɗe duka lokaci guda, kofi iri ɗaya, kwalaben da ɗan sanyi wajen digiri 15, kuma don Allah kar ka ci yaji ko goro kafin nan. Fara bin gona ɗaya shekara-shekara, sannan ka dawo ka bi shekara ɗaya gona-gona. Ka kuma tambayi mai gidan ko mai tsadar ya zuba ta a sabuwar ganga, don ƙamshin itacen na ruɗar mutum ya ɗauka ƙasa ce ke magana, da ko ya ƙara sukari kafin ta tsimu, doka ta yarda da hakan a shekarun sanyi. Namu ya ce ya ƙara kaɗan a 2021, ya kuma nuna mana littafin da ya rubuta a ciki.