Tamilawan gonakin shayi

Turawan Ingila ne suka kwaso kakannin waɗannan Tamilawa daga kudancin Indiya zuwa gonakin shayin Sri Lanka. A 1948 aka yi dokar da ta ce sai ka kawo shaidar an haifi mahaifinka a ƙasar kafin ka zama ɗan ƙasa. Leburan da ke tsinkar ganye, ina ya ga takardar haihuwar ubansa? Haka suka wayi gari ba ƙasa, ba ƙuri'a.

Yarjejeniyar 1964 ta raba su kamar kayan gado: Indiya za ta karɓi 525,000, Sri Lanka ta riƙe 300,000. Babban wa ya hau jirgin ruwa daga tashar Talaimannar zuwa Indiya, ƙane ya zauna. Tarzomar ƙin jinin Tamilawa ta Yulin 1983 a Sri Lanka ta sake kora wasu zuwa sansanonin 'yan gudun hijira a jihar Tamil Nadu ta Indiya, kuma yawancin 'ya'yan da aka haifa can har yau Indiya ba ta ɗauke su 'yan ƙasa ba.