Rijiyata da salgar maƙwabci

Na haƙa rijiya a gidana ne don in huta da 'yan ga-ruwa da kuɗin jarka. Unguwarmu awon igiya ce a gefen Kano, ruwan famfo sai dai labari. Mai haƙar ya zagaya tsakar gida, ya nuna lungun da ya fi nisa da banɗakinmu ya ce, "Alhaji, nan za mu sa." Ruwa ya fito garau, ba wari ba gishiri, har maƙwabta suna aiko yara da bokiti.

Abin da bai yi ba shi ne leƙa bayan katanga. Salgar maƙwabcina tana nan manne da ginin, tsakaninta da bakin rijiyata bai kai taku goma ba. Mutumin da ya shekara da shekaru yana wannan sana'a!

Da marka ta kankama a watan Agusta, autata ta fara amai da gudawa, yayanta ya biyo baya. A 2021 ne, shekarar da kwalara ta kama mutane sama da 100,000 a Najeriya, Kano na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, don haka kowa ya san irin tashin hankalin da muka shiga. Ruwan gishiri da sukari bai riƙe yarinyar ba, sai da aka yi mata ƙarin ruwa. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta tambaye ni, "Baba, ina kuke samun ruwan sha?" Na ce rijiyar gida, har da ɗan alfahari. Ta ce in kai a gwada.

Sakamakon ya nuna ƙwayar E. coli, wato shaidar bayan gida na shiga ruwan. Ƙa'ida ita ce kada a sami ko ɗaya a cikin mililita 100. Mai gwajin ya ce ana so a bar tazarar mita 30 tsakanin salga da rijiya. Na yi dariyar takaici, domin fulotin namu ƙafa 50 ne kowane ɓangare, kimanin mita 15. Ko a ina ka haƙa, salgar wani na kusa. Ga shi kuma mai haƙar bai liƙe tsakanin kwalbatocin sama da siminti ba, da ƙasa ta sha ruwa sai komai ya riƙa tsattsafowa ciki.

Uwargida ta ce ai tana jefa alam a randa. Alam dai laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Yanzu ruwan sha tafasawa muke yi, ko mu sa kulorin, maganin kashe ƙwayar cuta a ruwa, yadda aka rubuta a jikin kwalbar mu jira rabin awa. Randar ma mun canza ta da bokiti mai famfo, saboda moɗar da yara ke tsomawa da hannu.

Da na nemi mai haƙar na faɗa masa, ko a jikinsa. "Haba Alhaji, ai ƙasa tace ruwa take yi." Kuɗin asibiti da na gwaji ni na biya, rijiyar kuma ta koma ta wanki da wanke tsakar gida. Ƙanina na shirin haƙa tasa a Kumbotso, na ce masa kada ya bari a sa diga sai ya shiga gidajen da ke kewaye da shi ya ga inda suka yi salga da idonsa.