Jijiyar ƙoda da ledar maganin Baba

Lokacin da nake koyon aiki a sashen zuciya, babu abin da ya burge ni kamar aikin ƙone jijiyoyin ƙoda. Ta matsematsi ake zura siririn bututu har ya isa hanyar jinin da ke shayar da ƙoda, sai a kashe ƙananan jijiyoyin saƙo da ke kewaye da ita da zafin igiyar rediyo ko ta sauti. Waɗannan jijiyoyin ne ke zuga ƙoda ta riƙe gishiri, jini ya hau. An tanadi aikin ne don hawan jinin da ya gagari magani uku, ciki har da mai sa fitsari, kuma masu ciwon suga sun yi yawa a wannan sahu.

Da na karanta binciken da aka yi kan wannan aiki mai suna Symplicity HTN-2 na 2010, na ga jini ya sauka da kusan maki 32, sai na ce ai an gama. Malaminmu bai ce uffan ba, ya miƙo mini HTN-3 na 2014. Mutum 535: wasu an yi musu aikin, wasu an zura bututu an ɗauki hoto kawai, ba su san ba a ƙone komai ba. Jinin na farko ya sauka da kusan maki 14, na waɗanda aka yi wa aikin bogin kusan 12. Jikina ya yi sanyi.

Daga baya an gyara na'urori, amfanin ya tabbata, sai dai bai kai yadda aka yi ta kururutawa ba. A Nuwambar 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da na'urori biyu. Fatan da aka yi cewa aikin zai gyara suga kuwa bai tsaya da ƙafarsa ba, kuma masu ƙodar da ta ci jiki sosai yawanci ba a sa su a gwaje-gwajen ba.

Ana cikin haka wani dattijo mai suga ya zo, jininsa 180, magani huɗu a rubuce. Har na fara raya masa aikin a zuci. Na ce, "Baba, a zazzage mini ledar nan mu gani." Katin mai sa fitsari ko ƙwaya ɗaya ba a ɓalle ba.

"Likita, wannan ba ya barin mutum da alwala."

A ƙasan ledar kuma ga diclofenac na ciwon gwiwa daga kemis, wanda shi ma yana ɗaga jini, yana cutar da ƙoda. Muka cire shi, muka mayar da mai fitsarin bayan sallar Asuba, muka ce ya dawo bayan mako biyu, da ledar.